Tulun Girkawa da Masu Taɓe Baki a Birnin Gwari

Na san abin da za ku ce. Mutum yana zaune a Birnin Gwari, hankalinsa na kan lafiyar hanyar Buruku da farashin masara, sai a zo masa da zancen tulun Girkawa? To Alhaji, gyara zama. Laluba aljihu ka ciro naira 20, in har yanzu ana ba ka canjinta, ka juya bayanta. Matar nan da ke aikin tulu Ladi Kwali ce, 'yar Gbagyi, mutanen da garinku ke ɗauke da sunansu, wadda Jami'ar Ahmadu Bello ta ba digirin girmamawa a 1977. Shekara da shekaru kana yawo da maginiya a aljihu, yau kuma ka ce zancen tukwane na mata ne?

Wajen shekara 2,500 da suka wuce, magina na da unguwarsu guda a birnin Atina, ana ce mata Keramikos. Tulunsu ja ne da baƙin zane, kuma baƙin nan ba fenti ba ne. Ruwan yumɓu ne tatacce ake zanen da shi, wuta ce ke ƙarasa aikin. Da farko a bar iska ta shiga matoya, komai ya yi ja. Sai a toshe ƙofofi a jefa ɗanyen itace, hayaƙi ya turnuƙe, tulu ya koma baƙi ƙirin. Sannan a buɗe, zafi ya ragu: inda ba a shafa ba ya koma jansa, inda aka shafa ya riga ya liƙe, ya zauna baƙi mai sheƙi. Kai ne wannan zai ba mamaki. Iya da ke gashin tukwane a bayan gari ta san hayaƙi ke baƙanta tukunya, ta san yayyafa makuba tun tana da zafi. Sai dai a faɗi gaskiya, wajen zana mutum da doki da naɗin mayafi, Girkawa sun sha gabanmu nesa ba kusa ba.

Ga Malam can ya ja da baya yana a'uzubillahi, wai gumaka ne. Allah gafarta Malam, gumakan ne kuwa, ba wanda ya musa. Duk shekara huɗu mutanen Atina kan yi wa gunkiyarsu Atena babban biki da wasanni, ladan gwani kuma man zaitun ne cikin tuluna. Gefe guda an zana ta da garkuwa da mashi, tsakanin ginshiƙai biyu da zakara a kan kowanne. Ɗaya gefen wasan da aka ci. Wanda ya lashe tseren keken doki tulu 140 yake kwashewa. Tulunan makoki kuwa ƙanana ne farare masu dogon wuya, ana ajiye su a kabari da mai a ciki, an zana Karon, ɗan fiton da suka yi imani yana haye da matattu, ya jingina da gorarsa yana jiran fasinja. Wasu maginan har wani ɗan ƙaramin ciki suke ɓoyewa a ƙarƙashin wuyan, a tsiyaya mai kaɗan a ga kamar an cika. Ana yi wa mamaci ƙwauron mai! Ni dai Bazazzage ne, ban ce akwai Bakano a cikinsu ba.

Kallon tulu ba bautar abin da ke jikinsa ba ne, Malam. Kuma kada mu cika ɗaga hanci: Tsumburbura a gindin Dala take, ba a Girka ba, Sarkin Rafi da Inna ma 'yan borinmu ne ke kiransu. Girkawa sun zana nasu a yumɓu, shi ya sa yau aka san yadda suke yanka da aure da binne gawa. Mu fa? Ƙadangare da kunama da kada da kifi da Ladi Kwali ke tsagawa a jikin randa, irinsu na nan a tsofaffin tukwanen Gbagyi, wa a cikinku ya taɓa tsugunawa gaban tsohuwa ya tambaye ta dalili?

Na ga Alhaji ya fara hamma, bari in taɓo inda ke masa ƙaiƙayi. A 1971 ɓarayi suka fasa wani tsohon kabari a Carbeteri ta Italiya, suka ciro wata babbar tukunyar Girkawa, aikin mai zane Yuforoniyos. A jikinta Barci da Mutuwa ne, an zana su maza biyu masu fukafukai, sun ciccibi gawar wani jarumi. A 1972 gidan tarihi na Metropolitan da ke Niyok ya saye ta dala miliyan 1. Yauwa, ka ga ido ya buɗe! Kwantar da hankalinka, a 2008 sai da suka mayar wa Italiya kayanta.

Kuma ba sai ka je Turai ba. A jiharka masu haƙar kuza suka tono mutum-mutumin yumɓu a Nok a 1928, a 1943 kuma aka kai wa wani Bature, Bernard Fagg, wani kai daga Jama'a wanda aka kafa a gonar doya yana korar tsuntsaye. Tsaran tulun Girkawan ne a shekaru. A shekarun 1990 aka yi ta wawure irinsu, har da na Kwatarkwashi, wasu na Nok suka ɓulla a Faris a 2000. Don haka samarin da ke bin zinare a dajin nan, in diga ta ci karo da tsohuwar tukunya a kufai, a bar ta inda take a kira masana, don da zarar an tumɓuke ta rabin labarinta ya tafi.

A birnin Fulorens akwai wata tukunyar Girkawa mai zane 270, da sa hannun magininta da mai zanenta. A 1900 wani mai gadi ya fusata ya jefe ta da kujera, ta tarwatse gida 638. Aka tsince tsingaron ɗaya bayan ɗaya aka haɗa. Hajiya, ke da kike dariya, randar da kakarki ta bari, tun da aka sayo ta roba, ina kika kai ta?