Jakadun gobe a Magamar Jibiya

Ka zauna rabin yini a teburin mai shayi a Magamar Jibiya, inda motocin Maraɗi ke jan birki, za ka sha hira da masu shirin digiri na biyu a fannin hulɗar ƙasa da ƙasa. Kowa da abin da ya kawo shi.

Akwai Jakada. Tun bai sayi fom ɗin Jami'ar Ahmadu Bello ba ya ɗinka babbar riga, har ya zaɓi inda za a tura shi: Saudiyya, in ta ƙi, Faransa. Fasfonsa fes, ko hatimi ɗaya babu. Ka ce masa ga Ɗan Isa nan ƙetaren shinge, ita ma ƙasar waje ce, sai ya tsuke fuska.

Sai mai kaki, ɗalibin Asabar da Lahadi. Shi ba ruwansa da jakadanci, takarda yake so ta shiga fayil kafin lokacin ƙarin girma. Abin haushi, duk ajin ba wanda ya kai shi sanin karatun. Yana bakin aiki aka rufe iyaka a Agustan 2019, yana nan aka buɗe Jibiya a Afrilun 2022. Da sojoji suka tuntsurar da shugaban Nijar Bazoum ran 26 ga Yulin 2023, shi ya ja ƙarfen rufe iyaka da hannunsa, ya ga tireloli sun yi layi, direbobi na kwana ƙarƙashin mota. Amma in malami ya zo kan darasin takunkumi, sai ka gan shi ya duƙufa yana kwafar allo, kamar labarin wata duniya ake ba shi.

Mai harin ƙungiyoyin agaji kuwa farar Hilux mai doguwar eriya yake mafarki, da albashin dala. An ce masa sai da Faransanci. Shekara biyu ke nan bai wuce gaisuwa ba.

Kada a manta da Masani, mai fashin baƙin ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS a Janairun 2025, shayinsa na hucewa. Burinsa guda: gidan rediyo ya kira shi, a ce “mai sharhi kan al'amuran ƙasashen waje”.

Ni dai wanda ke burge ni tsohon ɗan canjin da ke gefe ne. Bai taɓa shiga aji ba, amma kafin rediyo ya faɗi abin da ya faru a Yamai, shi ya riga ya ɗaga farashin sefa. Rannan Jakada ya rusuna ya ce, “Baba, tsaro zan karanta ko cinikayya tsakanin ƙasashe?”

Ya ce, “Ɗana, wanne ne ake biyan mutum ko an rufe boda?”

Ya lashi yatsa, ya ci gaba da ƙirga jaka-jakarsa.