Ruwa Ba Ya Tsami Banza

Tun da kiwon tarwada ya shiga gidaje, daga Achida zuwa Wurno, daga Rabah zuwa Goronyo, gaisuwar safe ta ƙaru da layi ɗaya. Bayan an tambayi gajiya da iyali, sai a ce, "Ya kihi?" Wanda ya amsa da sauri, nasa na nan da rai. Wanda ya ja numfashi ya ce, "To, mun gode Allah dai," a leƙa bayan gidansa, za a tarar da su sun juyo da farin ciki sama.

Kuma fa ƙasar ruwa ce. Madatsar Goronyo da aka gama a 1984 a kan Gulbin Rima, an yi ta ne don ta riƙe ruwa fiye da kubik mita miliyan 900. Mutanen nan sun ga ambaliyar 2010 da ta ci garuruwa da gonaki, sun ga 2018 da ruwan madatsar ya ja baya har ya kusa komawa kashi 10 cikin 100. Sun san ruwa a fushinsa da ramarsa. Amma ruwan tamfol mai taku huɗu a tsakar gida ya gagare su.

Abin da ke faruwa a cikinsa ba asiri ba ne. Kifi ya ci, ya fitar da amoniya, mafi yawa ta jan naman nan na gefen kai da yake numfashi da shi. Ragowar abinci da kashi su ruɓe, su ƙara wata. Wasu ƙwayoyin bakteriya da ke manne a jikin bango su mayar da amoniya naitirait, wanda shi ma dafi ne, wasu kuma su mayar da shi naitiret. Wannan na ƙarshe ya fi sauƙin illa, sai dai ba ya tafiya ko'ina. Yana taruwa, har sai an kwashe ruwan, ko tsiro ya sha shi. Buhun abincin kifi mai kilo 15, mai furotin kashi 40 cikin 100, yana ɗauke da kusan kilo guda na naitirojin, kuma abin da ke zama tsoka a jikin kifi bai kai rabi ba. Sauran duk a ruwa yake ƙarewa. Maganin kuwa guda biyu ne da kowa ya ƙi jini: a rage zuba abinci, a riƙa sauya ruwa. Daga ƙin waɗannan biyun ne aka sami jama'ar da ke tafe.

Babbansu shi ne mai tausayi. Yawanci ɗan fansho ne, kuɗin sallama ya zuba a kwami. Tarwada ba ta da kunya, duk wanda inuwarsa ta gifta sai ta taso tana buɗe baki, shi kuwa ya ɗauka kuka take masa. Ya zuba da asuba, ya zuba da hantsi, ya dawo daga masallaci ya zuba, baƙo ya zo ya zuba don a ga yadda suke wawaso. Ka ce masa, "Baba, ka auna musu daidai nauyinsu, abin da ba su cinye cikin ɗan lokaci ba ruɓewa yake," sai ya dube ka kamar ka ce ya kori maraya. "Ba ni barin dabba da yunwa, yaro. Allah na tambaya ta." Ranar kasuwa har hanjin kaji yake sayo musu, ya watsa ɗanye. Kwana biyu sai kumfa ta rufe ruwa, wari ya kai zaure, uwargida ta kwashe shanyarta ta kai maƙwabta. Idan suka fara ƙin ci, abin da ruwa mai dafi ke jawowa ke nan, sai ya yanke cewa abincin ne bai yi musu daɗi ba. Ya sayo mai tsada, ya ninka awo.

Ƙaninsa a sana'a shi ne mai ciko. Wannan ya rantse yana sauya ruwa kullum, kuma bai yi ƙarya da gangan ba. A watan Afrilu, zafin Sakkwato ya haura digiri 40, rana na shan ruwan tamfol, ya ga ya sauka da ɗan yatsa uku, ya jawo tiyo ya cika. Rana kuwa ruwa zalla take ɗauka, ta bar masa dattin cif yadda yake. Lissafin sauya ruwa na ɗan aji uku ne: idan naitiret ya kai miligiram 100 a lita, ka zubar da rabi ka maye da mai tsabta, ya koma 50, ka sake ya koma 25. Ciko ko sau ɗari ne, 100 ɗin na nan, gobe ma ya ɗara. Ka zana masa wannan a ƙasa da tsinke, ya gyaɗa kai, ya ce, "Na gane sarai. Ashe ciko nika ƙarawa." Akwai kuma wanda ke zubarwa da gaske, amma daga gajeriyar rijiyar fadama yake ɗiba, a tsakiyar gonakin da ake banka wa yuriya duk rani. Ruwan irin wannan wuri yakan zo da nasa naitiret ɗin tun daga ƙasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa miligiram 50 a lita a matsayin iyakar ruwan sha, kuma da a ce zai auna rijiyar sau ɗaya, da ya san ko wanki yake ko ƙarin dauɗa.

Likitan gishiri ba ya jiran a gama ba shi labari. Kifi na iyo a karkace, gishiri. Kifi ya yi fari, gishiri. Famfo ya lalace, a dai fara sa gishiri tukuna. "Gishiri shi am magani," in ji shi, yana kwance bakin buhu. Abin haushin, yana da gaskiya guda ɗaya, kuma a kanta ya gina asibitinsa. Naitirait na shiga jinin kifi ya mayar da shi ruwan ƙasa, ya hana shi ɗaukar iska, gishiri kaɗan kuwa na tare masa hanyar shiga. Amma gishiri ba ya cire amoniya, ba ya cire naitiret, ko ƙwaya. Idan ya gaza, sai likita ya murza ganyen shuwaka. Idan ita ma ta gaza, sai a tafi kemis a sayo ja-da-yalo, a ɓare a zazzage. Maganin ya bi bango ya kashe bakteriyar da ke yi masa aikin kwasar dafi ba ko sisi, amoniya ta yi tsalle, kifi su ƙara mutuwa, likita ya ce cutar ce ta zo da ƙarfi bana.

Mai tsabta ma can yake ƙarewa, ta wata hanyar. Duk Juma'a a kwashe kifi a baho, a dirje kwami da omo da buroshi har siminti ya yi ƙyalli, a cika da sabon ruwa mai sanyi, a juye su ciki. Santsin nan da ya kankare shi ne gidan ma'aikatansa.

Wanda na fi jin daɗin zama da shi, ɗan waya ne. Ya gama digiri, yana jiran aiki, datarsa ba ta yankewa. A YouTube ya gano Turawan Jamus da Amurka masu ajiye kifin teku a akwatin gilashi a falo, da murjani mai rai a ciki. Waɗannan bayin Allah su ne suka mayar da naitiret abokin gaba na ƙin ƙarawa. Suna dama gishirin teku kusan giram 35 a kowace lita, suna sauya kashi 10 zuwa 20 cikin 100 na ruwan duk mako ɗaya ko biyu, suna da na'urar da ke kaɗa kumfa ta kwashe datti kafin ya ruɓe, suna shuka ciyawar teku a wani ƙaramin akwati a ƙasa don ta sha naitiret su yanke su zubar. Murjani ba ya son wasa, shi ya sa da yawansu ba sa barin awon ya wuce miligiram 10. Wasunsu har ɗiga barasar vodka suke, ko ruwan khal, ko sukari, don bakteriya ta samu abinci ta hayayyafa ta cinye naitirojin. Ɗan waya ya san barasa ba za ta shigo Wurno ta fita lafiya ba, sai ya tafi kasuwa ya sayo mazarƙwaila, ya jiƙa, ya tuttula wa tarwada ɗari biyar. Dabarar gaskiya ce, masu kiwo da yawa a duniya na yi da ruwan rake. Abin da ya tsallake a bidiyon shi ne injin hura iska da ke aiki dare da rana, don bakteriyar da aka ƙosar tana shanye iskar ruwan. Shi kuwa wutar unguwarsu sai an yi sa'a. Da asuba ruwa ya yi kauri, ya yi tsami, kifi sun jeru a sama suna haɗiyar iska. Abin da ya cece shi, tarwada na iya shaƙar iskar sarari. Da karfasa ce, da sallar asuba ma ba ta riske su ba.

A nan zan faɗi ra'ayina, ko ɗan waya zai ji haushi. Naitiret damuwar mai matata ce, wanda ruwansa ke zagayawa ya dawo wata da watanni. A tamfol mai cunkoso, marar matata, amoniya ce ke riga kowa kisa, kuma zafi na ƙara mata kaifi. Mai irin wannan tamfol da ke kwana da tunanin naitiret, ya bar jaki ne yana dukan taiki.

Ɗan uwan ɗan waya, mai awo, ya sayi kwalaben gwaji daga Legas. Ya ɗebi ruwa, ya ɗiga magani, ya girgiza, ya ɗaga sama yana gwada launi da kati. Ja ne ko ruwan goro? A kira maƙwabci. A kira ɗan makaranta mai ƙarfin ido. A rubuta a littafi da kwanan wata. Littafin ya yi kyau ƙwarai, lambobi na hawa shafi bayan shafi, ba a taɓa buɗe rariya ba.

Sai Alhajin Sakkwato, mai kiwo ta waya. Kwami na Rabah, shi yana ofis, yaro na tsaro. Kullum da yamma: "An sauya ruwa?" "An sauya, Alhaji." "Sun ci?" "Sun ci, ranka shi daɗe, kamar su cinye ni." A irin wannan gida ana samun yaro iri biyu. Mai sayar da fetur ɗin injin ban ruwa, shi ke kashe kifi. Mai sayar da rabin abincin kuwa, ba da niyya ba, shi ya fi kowa kyawun ruwa a ƙaramar hukumar, kifinsa ƙanana amma ba mai tari. Alhaji ya gano satar, ya kore shi, ya kawo mai amana da ke zuba buhu duka. Sati uku aka yi jana'iza.

Mai zargin baki ba shi da dogon bayani. Wata ta shigo ɗibar wuta ta ce "kai, sun yi girma" ba ta ce tubarkalla ba, shi ke nan. Ya rataya tsohon takalmi a bakin kwami, ya hana mata shigowa, ruwan na nan kore shar. Gansakukar da ta rina shi, naitirojin ne ya ƙosar da ita. Da rana tana ba da iska, da dare tana shanyewa, shi ya sa mutuwar ke zuwa gab da asuba, lokacin da ya tabbata mayu ke yawo.

Duk wannan, tsohon masunci na bakin madatsa na kallo yana gyaran koma. Ya kama giwan ruwa, ya kama kurungu, ya tono gaiwa a busasshen laka, bai taɓa jin kifin da aka yi wa wanka ba. "Tun dauri, wa at taɓa sauya ma gulbi ruwa?" Ba mai iya gaya masa cewa gulbi da kansa yake sauyawa, yana tafe dare da rana, ga kainuwa da ciyayin gaɓa na shan datti, ga laka a ƙasa inda wata bakteriyar da ba ta son iska ke mayar da naitiret iskar naitirojin ta tashi sama. Ya san haka ta hanyarsa. Dariyar ce ba ya son a rage masa.

Mutum guda ne a harkar nan bai taɓa sayen ɗan kifi ko ɗaya ba, kuma shi ya fi kowa riba: maƙwabci mai albasa. Wurno garin albasa da tafarnuwa ne, kowa ya san abin da buhun taki ke yi wa aljihu. Shi wannan ya lura inda ruwan kwamin wani Alhaji ke malala, ciyawar wurin ta fi ta ko'ina duhu. Naitirojin da buhun abinci ɗaya ke bari a ruwa ya fi abin da ke cikin kilo guda na yuriya, ga shi a narke, ga ban ruwa a haɗe. Sai ya zo da ladabi, da tiyonsa a kafaɗa. "Alhaji, wanga ruwa na damun mutane da wari. Bari in ɗauke maka shi, don zumunci." Ya haƙa 'yar hanya har fangalinsa. Shi ke tuna wa Alhaji ranar sauya ruwa, shi ke cewa kifin nan kamar sun rame, a ƙara musu. Kifi suka samu lafiya, albasa ta yi kai, alayyafo ya yi faɗin tafi.

Zumuncin yakan kai ranar da ɗan waya ya yi wa Alhaji lissafin yuriya. Daga nan sai gaban mai unguwa: ruwan da ya fita ta rariya, na mai kwami ne ko na wanda ya tare? Alhaji na son buhu biyu na albasa, mai albasa na son ladan kwasar ƙazanta na wata shida. Mai unguwa ya ce a dawo bayan girbi. Kafin nan Alhaji ya toshe rariya da tsumma, ya rantse ko ɗigo ba zai ƙara fita ba, mai bandar kifi na bakin kasuwa kuwa ya ji labari, ya aika a ƙaro masa itace.