Yadda Na Kafa Hujja da Shehin Malami Admin

Da na fara digiri na biyu, mai duba aikina ya ce in je in yi karatu. Ni kuwa na ga ba a girbi sai da rumbu, don haka na shiga neman manhajar tara madogara. Mako uku ina auna su kamar mai neman aure. EndNote sadakinta ya fi ƙarfin aljihuna. Mendeley tana gidan Elsevier tun 2013, tana ba da ma'ajiyar gigabayit 2 kyauta. Zotero, haifaffiyar Jami'ar George Mason ta Amurka, megabayit 300 take bayarwa, amma masu riƙonta ba 'yan neman riba ba ne. Har Obsidian na sauke don rubuta bayanai, na kwana biyu ina zaɓen launi. Karatu kuwa, ko shafi ɗaya.

Daga ƙarshe na tsayar da ɗaya. Ba zan kama sunanta ba, don laifin nawa ne. Na kwashi takardun da 'yan ajinmu ke turowa ta WhatsApp, waɗanda aka sarrafa a shagon buga takardu na bakin get, na zuba mata. Ashe irin waɗannan ba su da lambar DOI, sunan da ke maƙale a cikinsu kuma na kwamfutar shagon ne. An ce in riƙa dubawa ɗaya bayan ɗaya, na ce wanda ya sayi jaki ai ba ya ɗaukar kaya a ka. Na danna, madogara suka jeru tsaf a tsarin APA. Na buga babi na biyu, na kai ina taƙama.

Malam ya gyara tabarau, ya yi ta juya shafuka da jan biro a hannu.

"Kai, wane ne wannan Admin da ka ambata har sau tara?"

Gumi ya karyo mini. Maimakon in yi shiru, sai bakina ya ce, "Bature ne, ranka ya daɗe."

"Bature? A wace jami'a yake?"

"Ina jin ya rasu, Malam."

"Allah sarki."

Ya karanta sakin layin da na ɗauko daga marigayin a bayyane, a hankali, yana gyaɗa kai. Sannan ya miƙa hannu kan kantar da ke bayansa, ya zaro wata mujalla mai ƙura, ya buɗe, ya ajiye a gabana. Ga maganar nan kalma da kalma, ga sunan Malam a sama.

"To," ya ce, "yaushe aka yi jana'izar tawa?"