Takalmin Gudu da Wa'azin Mai Gwanjo

Tun da likitoci suka fara tsorata mutane da hawan jini, magidantan Daura suka shiga gudun asuba a hanyar Kongolam. Madalla. Matsalar a ƙafa take.

Mai gwanjo ba ya da takalmin da bai dace da kai ba. In ya matse, sai ya ce, "Alhaji, zai buɗe." In ya yi yawa, "Alhaji, ƙara safa." Kai kuma an ce maka Alhaji, sai ka biya.

Gwada kambas da yamma, don ƙafa takan ɗan kumbura bayan zirga-zirgar yini. Sa safar da za ka yi gudu da ita, ka bar sarari kamar faɗin babban yatsa a gaba. Diddige kuwa kada ya riƙa fita yana gaishe da jama'a.

Abebe Bikila na Habasha, da takalmi ya ƙi masa daidai, cire shi ya yi, ya ci gudun fanfalaki a Rum a 1960. Amma shi ba a kan ƙarangiya ya yi ba. Kai dai, malam, sayi daidai ƙafarka.