Garin Neman Ƙiba

Wata uku kafin Babbar Sallar 2025 na sayo rago ɗan Yankasa a kasuwar Dutsin-Ma, na ɗaure shi a turke a gidanmu na Dabawa. Uwargida na ba shi harawar gyaɗa, kowar wake da ɗan dusa da kanwa, kamar yadda ta ga kakarta na yi. Rago na ci yana lumshe ido. Ni ne dai ban gamsu ba, don ina da waya da data.

A wayar nan na karanta cewa masu kiwon alade a Uganda da Biyetnam suna haɗa musu abinci da ganyen dankali, dabba ta yi saurin girma, kuɗin dusa ya ragu. Na ce to, in dabbar da ko sunanta ba mu son ji tana ƙiba da ganye, ina ga ragon layya mai albarka?

Da asuba na hau babur zuwa lambunan rani na bakin dam ɗin Zobe, na ciko buhu da ɗanyen ganyen wake da na dankali, raɓa na ɗiga. Na ture harawa gefe, na zube masa, na ƙara kwano biyu na dusa. Uwargida ta ce, "Malam, a hankali dai." Na ce mata wannan kimiyya ce.

Kafin azahar rago ya yi ƙibar da na nema, amma ta gefen hagu kaɗai. Na ɗan buga cikin, ya amsa kamar ganga. Yana nishi, ni ina salati.

Da gudu na kira dattijon maƙwabcinmu. Ya ɗura masa man gyaɗa, ya ɗora ƙafafunsa na gaba kan turmi, yana murza cikin har rago ya saki wata gyatsa da ta kori kaji daga tsakar gida. Sannan ya juyo.

"Ɗana, wa ya ba ka wannan fatawa?"

Na sunkuyar da kai. "Baba, masu alade ne."

Ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Ya ce alade ciki ɗaya gare shi kamar mutum, shi kuwa rago mai tuƙa ne, tumbinsa tukunyar tsimi ce. Wanda ya saba da busasshe, ka cika shi da jiƙaƙƙen ganyen wake rana ɗaya, iska za ta taru ta rasa hanya. Ana shanya ganye ya sha iska, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan.

Rago ya koma hannun uwargida, ya kai Sallah da kitsensa. Ni kuwa na rame da kunya, don har yau in na wuce majalisa sai wani ya ɗaga murya: "Likitan alade, ya kiwo?"