Taron Tsintsiya: Su Wane da Wane na Zaman PTA

Iskar farkon damina ce ta kai ni. A ƙasar Gumel, kafin ruwa ya sauka sai iska ta riga shi zuwa gaisuwa, ita kuwa gaisuwarta ɗauke kwano ce. Bara ta yaye rufin aji biyu na firamaren da 'ya'yana suke, ta kai shi gonar wani bawan Allah ta ajiye. Wata uku yara suna karatu a gindin darbejiya. Da takardar taron Ƙungiyar Iyaye da Malamai (PTA) ta iso, na ce yau sai na amayar da abin da ke cikina. Na je na faɗa, aka yi tafi, kafin in zauna an naɗa ni sakatare. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka.

Tun daga ranar littafin miniti yake hannuna. Na tambayi takwarorina na Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, suka ce mutanen nan nawa su ma suna da su, hula ce kawai ta bambanta.

A fara da Ciyaman. Autansa ya bar firamare tun Jigawa ba ta cika shekara goma da ƙirƙira ba, amma kujera tana nan inda ya bar ta, shi ma yana kanta. An zaɓe shi sau ɗaya, bai ga dalilin sake wahalar da jama'a ba. In wani ya yi gunagunin cewa shugaba sai mai ɗa a makaranta, sai ya nuna jikoki bakwai da sandarsa. Ba mugu ba ne. Aibinsa ɗaya: in ya ce "a taƙaice", to a nemi inuwa. Da aka zo da kwamitin gudanar da makaranta na SBMC, wanda shirin ESSPIN na tallafin Birtaniya ya yi ta horarwa a Jigawa, aka ce a sa bulama da liman da mata da masu sana'a, shi aka sake ba wa shugabanci. Yanzu mukan rufe taron PTA da addu'a, mu juya benci, mu buɗe na SBMC.

Kusa da shi akwai Malam Azamaninmu, tsohon malami, ɗaukar UPE, shirin ilimin firamare kyauta na 1976. Ko maganar tsintsiya aka kawo, sai ya bi da ita ta kan yadda ɗan aji huɗu na lokacinsu yake rubuta wa mutanen gari wasiƙa zuwa ga 'yan cirani. Ba ƙarya yake yi ba, shi ya sa ake haƙuri. Sai dai har yau ban taɓa samun abin rubutawa a gurbin "shawarar da aka yanke" bayan ya zauna ba.

Gwanina shi ne Alhaji Bayan-Alhamis. Dillali ne a karar Maigatari, inda raƙuma da shanun Nijar suke sauka kowace Alhamis, mutumin da yake ƙulla cinikin miliyoyi da musafaha ɗaya. Yakan zo a makare, turare ya riga shi shigowa. Yana jin an ambaci kwano sai ya ɗaga hannu: "Malam sakatare, rubuta. Bandir biyar a kaina, har da ƙusa." A yi kabbara, liman ya sa albarka. "Ku same ni bayan kasuwa." Ranar farko har ƙwalla na kusa yi. Da na koma gida na buɗe tsofaffin shafuka, sai na tarar da bandir biyar ɗin nan da rubutun sakatarori uku kafin ni. Kullum da uzurinsa: a 2019 an rufe iyaka. A 2020 korona ta hana kasuwa. A 2023 Allah ya yi masa gyaɗar dogo: ga canjin kuɗi a farkon shekara, ga juyin mulkin Nijar a watan Yuli da ya sa aka sake garƙame iyaka. In babu ko ɗaya, to sefa ce ta tashi. Shekara tana da Alhamis hamsin da biyu, kowacce kuma tana da bayanta.

Kishiyarsa shi ne Lauyan Gindin Bishiya. Shi ba ya alkawari, don haka ba a binsa bashi. Ya haddace cewa dokar UBE ta 2004 ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma dole ne, ya san SUBEB, hukumar ilimin matakin farko ta jiha, tana Dutse, ya san akwai ofishin ilimi a kowace ƙaramar hukuma. "Ko sisi! Aikin gwamnati ne. A rubuta takarda." Gaskiya rabin zuciyata tana wajensa, don ba adalci ba ne a ce manomin da ya sayar da mudun gero ya sayi fensir shi ne kuma zai rufa wa gwamnati aji. To amma mun rubuta takardar, sau biyu ma. Jaki da kaya ya fi ta saurin isa Dutse. Shi kuwa ɗan Lauya yana nan tare da namu a kan rairayi, yana kare littafinsa daga kashin tsuntsu.

Sai Ɗan Sauyi. Wannan ina tausaya masa, don da ƙyar na tsallake zama shi. Ya dawo daga Kano ko Abuja da kwamfuta a jaka da tsarin shekara biyar a kansa. Yana son ɗakin kwamfuta a makarantar da ko wayar wuta ba ta ratsa ta gabanta ba. Ya buɗe mana zaure a WhatsApp, alhali yawancin iyaye ƙaramar waya mai tocila suke riƙewa. Mu da muka shiga kuwa, cikin mako guda abin ya koma barka da Juma'a da cigiyar akuya. Ya ce a daina kiran taro ta bakin bulama, ya buga takarda mai tambari, ya sa taron gaggawa ranar Alhamis, a tsakiyar yankan riɗi. Wanda ya san riɗi ya san in ya nuna ba ya jiran kowa, kwanso ya fashe ya zube a ƙasa. Shi da hedimasta da mai gadi suka halarta. Tun daga nan yake cewa mutanenmu ba sa son ci gaba.

Akwai na cike benci. Ɗan Aike, yaro ɗan shekara goma sha biyu da hular babansa: "Baba ya ce duk abin da aka yanke yana ciki." In aka yanke kuɗi, sai ya ce ba a aiko shi da wannan ba. Mai Gyangyaɗi, wanda tafi ke tayarwa ya ce ya goyi baya, har ya taɓa goyon bayan ra'ayi biyu masu karo da juna cikin minti biyar. Uban-Ɗana bai san ajin da yaronsa yake ba sai ranar da aka zane shi. Ɗan Takara kuwa kamar fara yake, yana da shekararsa: kwalin alli ɗaya, masu ɗaukar hoto uku. Ma'aji ba na ce ya ci ba, amma kullum rasit yana aljihun ɗaya rigar.

Shi kuwa hedimasta baƙin jinin muzuru gare shi, mai kaza zagi, marar kaza zagi. In ya karɓi kuɗi a ce ya karya doka, in bai karɓa ba a ce ya bar makaranta ta lalace.

A can baya, bakin taga, a kan tabarma, nan mata suke zama, in sun zo. A zama na huɗu da na rubuta, muna tsakiyar gardamar ko a sayi tuta sabuwa, sai wata dattijuwa mai ƙosai a ƙofar makaranta ta leƙo.

"Malam hedimasta, a gafarce ni, tambaya ɗaya gare ni. 'Yan matan nan in sun matsu, ina suke zagawa?"

Aji ya yi tsit. Ciyaman ya gyara hula, Lauya ya duba ƙasa. Ita ce take zaune a bakin ƙofa kullum, ita take ganin manyan 'yan mata suna fita lokacin tara su nufi gida, in sun je kuwa sai a ɗora musu farantin talla. Mu muna ta ɗora laifin a kan iyaye marasa kishin boko, ashe har da rashin masai.

Ba ta nemi a kafa kwamiti ba. Da kaka ta yi, ta bi gida-gida, kowace mace mudun gero ko na wake. Ba ta iya rubutu ba, amma ba wadda ta isa ta ce ta bayar alhali ba ta bayar ba. Da buhuna suka taru a ofishin hedimasta, kunya ta kama maza. Magini ya ce kwana uku nasa sadaka ne, kafinta ya bi sahu, har Lauya aka gani da magariba yana turo yashi a baro, yana cewa wannan bai soke maganarsa ba. Aka gina masai ƙofa biyu, canjin da ya rage ya rufe aji ɗaya. Ɗayan yana nan yana kallon sama.

Ranar buɗewa Ciyaman ya umarce ni in rubuta cewa an yi aikin ƙarƙashin jagorancinsa, na rubuta. Mai ƙosai ba ta tsaya jawabi ba, mai yana kan wuta. Ana shirin addu'a sai ga ƙamshin turare. Alhaji ya zagaya ginin, ya ƙwanƙwasa bango, ya girgiza kai.

"Haba jama'a, a ce gini irin wannan ba fenti? Malam sakatare, rubuta. Bokiti biyu a kaina."

"Yaushe za mu zo karɓa, ranka ya daɗe?"

"Ku same ni bayan kasuwa."

Na buɗe shafin bandir biyar, na sa bokitan a ƙarƙashinsu.