Ku yi ta dariya, masu keke sun yi nisa

Na san halinku. Ina ambaton keke wasu har sun fara murmushi, wai yau marubucinmu ya rasa abin faɗa. A wurinku ai masu keke uku ne: yaron aike, mai tallan biredi, sai wanda ya sayar da babur ya biya bashi. To ku gyara zama, musamman kai Alhaji da ko masallacin layinku ba ka zuwa sai a mota.

Akwai wani ƙauye a Italiya, yankin Tuskani, kusa da birnin Siyena, ana ce masa Gaiole in Chianti. Mutanensa ba su kai 3,000 ba. Amma duk ƙarshen mako na farkon Oktoba sai ya cika ya batse da dubban baƙi, maza da mata, samari da masu furfura, wasu tun daga Amurka da Japan. Abin da ya tara su kuwa tsofaffin kekuna. Sunan taron L'Eroica, wato hawan jarumai. Wani mutumin garin, Giancarlo Brocci, shi ya fara shi a 1997 da mahaya 92 kacal.

Za ku ce ai tsere ne, Turawa da neman kofi. Ba tsere ba ne. Kati ake ba ka, kana isa zango a buga maka hatimi, ka ci ka sha, ka yi hira, ka ƙara gaba. Wanda ya ji ƙarfi ya ɗauki doguwar hanya, kilomita 209, ta fi Kano zuwa Katsina nisa, ga hawa da gangara ba iyaka. Mai lallaɓa gwiwa ya ɗauki gajeriya, babu mai yi masa gori.

Ga inda dariyarku za ta ƙaru. Keken zamani ba ya shiga. Dole ya zama na ƙarfe, ƙirar 1987 ko kafin nan, ko aƙalla wanda aka ƙera a kan tsohon yayin. Wayar birki a waje take, ta yi baka a saman hannun keken. Feda mai ɗan keji da maɗauri, ka zura ƙafa ka ɗaure. Abin canza giya kuwa can ƙasa yake a jikin ƙarfen, sai ka saki hannu ɗaya ka sunkuya ka laluba, alhali tsakuwa na wasa da tayar gaba. Rigar ma ta ulu ake so, irin ta mahayan da. Mutum yana da kuɗin sayen keken zamani mara nauyi, amma ya bi kasuwar gwanjon da ake bajewa a garin yana taya tsohon sirdi da sarƙa. Hauka ko? Haka ku ma kuka ce da aka fara sayar da ruwa a leda.

Masu doguwar hanya tun duhun asuba suke tashi, kowa da 'yar fitilarsa. Hawan farko mai suna shi ne na gidan sarautar Brolio, inda ake jera kyandirori gefe da gefen hanya. Ba ka jin komai sai ƙarar tsakuwa ƙarƙashin taya da numfashin na kusa da kai. Can wani ya sauka yana tura nasa, wani ya durƙusa yana faci, biyu sun tsaya sun haska masa ba tare da sun san ko sunansa ba. A zango kuma ba ruwan kowa da abincin 'yan wasa na leda: tukunya ce a kan wuta, ana zuba ribollita, miyar wake da kabeji da tsohon biredi. Giya dai iri biyu ce a wurin, ta keke da ta kwalba, don yankin ya yi suna da inabi. Ta biyun mun bar musu kayansu, mu a dama mana fura.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne dalilin taron. Mu nan kuka muke a zuba mana kwalta, su kuma Brocci da abokansa tashi suka yi don kada a shafe fararen hanyoyin burjinsu da kwalta. Kuma haƙarsu ta cimma ruwa. Hanyoyin da ake gani alamar ci baya su ne yanzu ke jawo baƙi, har a 2007 aka kafa tseren ƙwararru a kansu, wanda yau ake kira Strade Bianche, yana ƙarewa a dandalin tsakiyar Siyena.

Na ji Malam a baya yana cewa, wanda ya ƙoshi ne ke wasa da wahala. Wannan kam ka faɗi gaskiya, ban musa ba. Manomin da ya ɗaura buhun gero a kariya ya nufi kasuwar ƙauye cikin rana ba shaƙatawa yake ba, kuma da za a ba shi kwalta da mota da gudu zai karɓa. Amma ai ba da shi nake ba. Da kai nake, mai ciwon baya saboda zaman ofis, wanda likita ya ce ya motsa jiki ya amsa da to. Kai da ka ƙare kuɗin tararka a wurin mai hayar keke kana yaro, ka goge gwiwa sau nawa, yau kuma kake kallon keke a wulaƙance.

Burji dai muna da shi har ya yi yawa. Tsohon Raleigh na Baba yana nan jingine a zaure, a shekaru ya wuce a yi masa tambaya. Kai shi wurin mai faci ya tsoma tub a ruwa ya nemo inda ke kumfa, a sa wa sarƙa mai, a ɗaure birki. Ka kira abokai huɗu, Asabar bayan sallar asuba ku bi hanyar gona kafin rana ta yi zafi, ku karya da ƙosai a ƙauyen farko. Alhaji, kai an yafe maka wannan makon: biyo mu a baya da motar, ka riƙo ruwa da famfo.